Talabijin ɗin Motar Alhaji da Hannuna na Dama

Edita, a shekarun da aka fara kashe naira ni matashin kafinta ne a Gaya, da matata da ɗiyarmu ɗaya. Gadon amarya, kabad, ƙyauren shago, duk ina yi, har daga Toranke ana kawo mini aiki. Ban san wata sana'a ba, ban kuma taɓa tunanin zan buƙaci wata ba.

Akwai wani Alhaji, dillalin gyaɗa, aminin marigayi mahaifina, wanda shi ya kai ni koyon aikin kafinta bayan rasuwar Baba. Ya sayi wata mota a hannun wani Bature mai haƙa rijiyoyi da zai koma ƙasarsu. Motar ɗaki ce sukutum: da gado, da wurin girki, da kabad a manne da jikinta, da ɗan ƙaramin talabijin a gurbinsa daga sama. Talabijin ɗin ya mutu, sai Alhaji ya sayo wani a Kano, ƙato mai nauyin buhun gero, ya ce in saka masa a gurbin tsohon. Gurbin ya yi kaɗan, dole na yanke katakon da ke riƙe da shi na faɗaɗa. Na ga falankin ba zai ɗauki nauyin ba, don haka na ba maƙeri aikin ƙarafa biyu da zan ɗaure shi da noti. Maƙerin ya ce sai jibi.

Washegari da hantsi Alhaji ya zo da direbansa, ya ce yau kasuwar Ajingi ke ci, kuma yana so mutane su ga motar da talabijin a ciki. Na durƙusa na ce masa, ranka ya daɗe, ɗora shi kawai na yi, ba a ɗaure yake ba. Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba ɗana, Ajingi ce fa, ba Makka ba. Shiga baya ka riƙe shi." Zuciyata ta ƙi, amma bakina ya kasa. Yaya zan yi musu da mutumin da ya tsaya mini a matsayin uba? Na shiga, na tsaya a tsaye, na tallafe shi da hannu biyu.

Hanyar a lokacin duk ramuka ce da yashi. Mun yi nisa, kafaɗuna sun gaji, sai shanun Fulani suka keto hanya, direba ya taka birki da ƙarfi. Na ji falankin ya ce ƙaras. Na faɗi ta baya, talabijin ɗin ya biyo ni, ya danne hannuna na dama a kan bakin gadon ƙarfe, gilashinsa ya fashe a kaina. Abin da na fara ji bayan na farfaɗo shi ne muryar Alhaji yana tambayar direba ko zai gyaru. Na ɗauka hannuna yake nufi.

Aka kai ni wurin maɗori a Gafasa, ya ɗaure da karan dawa. Ƙashi ya haɗe, amma yatsuna ba su sake motsi ba. Da daga baya aka kai ni asibiti a Kano, likita ya duba ya ce gilashi ya tsinka jijiyoyin, kuma an makara. Na dawo gida na gwada riƙe guduma da hagu, ƙusa ta riƙa lanƙwashewa, zarto yana kauce wa layi. Masu kawo aiki suka riƙa zuwa gaisuwa, suna fita su wuce shagon wani. Ranar da na kwashe kayan aikina na ba ƙanin matata, na shiga ɗaki na juya fuskata bango. Gonar gado ma ban iya riƙe fartanya in nome ta ba. Matata ta koma yin ƙuli-ƙuli, da shi muka rayu, ita ce kuma take ɗaura mini mazagin wando har ta rasu.

Alhaji ya zo duba ni sau ɗaya, ya ce ƙaddara ce, in yi haƙuri. Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Na yarda da ƙaddara, amma na san Allah ya ba ni ilimin aikin, ya ba ni baki, ni ne na yi shiru. Har yau ban daina jin ɗacin wannan ba.

Masu sana'a, ku ji daga bakin wanda ya gani. Idan ka san aiki bai kammala ba, kada girman mai shi ya sa ka sake shi, ko da shi ya goya ka. Fushin babba kwana biyu ne ya huce. Ni kuwa wannan wasiƙar ma faɗa nake yi, ɗiyata tana rubutawa.