Hamma Mai Yasar Rijiya

Da asuba, kafin ya karya, Hamma yakan kara rediyo a kunne ya tsinci abu guda: ko sabuwar kalma, ko wani labarin duniya. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Katsina kuwa kalmomi suka yi masa yawa, yau hisba, gobe ta'aziri. Ya riƙa nanatawa ke nan har wurin aiki.

Aikinsa yasar rijiya, daga Dutsi har ƙauyukan Mai'adua. Shi ke riƙe igiya, Mati ɗan ƙanwarsa ke shiga.

Mutane sun ɗauka wannan nanata kalmomi nasa son burga ne. Matarsa Shatu kaɗai ta san dalili. Mahaifin Hamma mantuwar tsufa ta kama shi, har ya rasu bai iya tuna sunan 'ya'yansa ba, shi ya sa kullum Hamma ke gwada kansa, ya ga ko abin da ya zuba da safe zai kai yamma.

Wata bazara aka kira su wata tsohuwar rijiya da ta daɗe a rufe.

"Mati, ka san kogin Nilu arewa yake gangarawa?"

"Kawu, jiya ma can ya gangara. Shekaranjiya ma haka."

"Ɗan nema, yau na ji shi!"

Mati ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

A sana'ar nan ba a shiga tsohuwar rijiya sai an zura fitila a kunne. In ta mutu, iskar ƙasa ta ɓaci, mutum ma mutuwa zai yi. Hamma bai taɓa barin wani ya zura fitilar ba, shi da kansa yake yi.

Mati ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sa ƙafa a bakin rijiyar.

"Kawu, ka zura fitila?"

"Na zura mana. Shiga."

Mati ya waiwaya. Ga fitila rataye a jikin keken Hamma. Ya je ya taɓa ta, sanyi ƙalau. Ya kunna, ya zura. Ba ta kai rabi ba ta mutu.

Hamma ya daɗe yana leƙen duhun. Sannan ya naɗe igiyar tsaf, ya ajiye a gaban Mati, ya sa takalmansa. Ya kama hanya a ƙasa, ya bar keken, kuma ba hanyar gida ya bi ba.