Yafiyar Da Na Yi Wa Baba Da Larabci

Ranar Talatar da ta wuce mahaifina, Malam Ummaru mai atamfa na Ƙofar Atiku, ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah Ya jiƙansa. Duk shekara nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru, amma bana na kasa, saboda wata takarda da ta yi kwana shida a kan teburina. 'Yata Asma'u ce ta kawo ta, tana so in sa hannu ta shiga kwas ɗin Larabci na dogon hutu, mako takwas, can za a kwana can za a tashi. Na bi sharuɗɗan har na zo kan wanda na sani: ba Hausa, ba Turanci, Larabci zalla har a gama. Nan na ajiye biro.

Irin wannan kwas na shiga a daminar da Baba ya rasu, kuma shi ya tura ni. Baba ya yi karatun zaure tun yana yaro. Ka miƙa masa littafi, zai bi layi da yatsa ya fassara maka kalma bayan kalma. Amma da ya je aikin Hajji ƙafarsa ta kumbura, ya shiga shagon magani, Balaraben ya yi ta magana, ko ɗaya Baba bai kama ba. Sai nuna ƙafar ya yi da hannu. Abin nan ya ci masa rai ƙwarai. Ya ce shi kam lokaci ya wuce masa, amma ɗansa sai ya yi magana da Larabawa baki da baki. Ni kuwa ina koyarwa a firamare, ga hutu ya zo, ba ni da wurin fakewa.

Ranar farko aka tara mu, kowa ya miƙe ya yi alkawari da bakinsa cewa Larabci zalla zai yi har a gama. Wasu suna fita suka koma Hausarsu a bayan ɗakin wanka. Ni ɗan Malam Ummaru ne, a gidanmu ba a wasa da alkawari. Ko sauro ya cije ni, da Larabci nake tsine masa. Juma'a kaɗai ake barinmu mu leƙa gida bayan masallaci, kuma a can Baba ne ɗan sandana. In na yi suɓul da baka na ce wa Inna sannu, sai ya ɗaga yatsa. Yakan kira abokansa na kasuwa su zo su ji ni ina zuba, yana gyaɗa kai kamar yana fahimta. Wallahi ni ma kaina ya kumbura.

Juma'ar mako na bakwai na same shi kwance, an ce zazzaɓi ne. Ya sa na tura ƙofa, na durƙusa a gabansa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Sani, in akwai abin da nit taɓa yi maka wanda bai yi maka daɗi ba, ka yahe mani."

Ba wanda bai san wannan maganar ba. An san lokacin da tsoho ke yin ta, an san amsarta: na yafe, ni ma ka yafe mini. Kalma nawa ce? Bakina ya buɗe da Hausa, sai na tuna alkawari, na tuna yatsansa, na juya ta da Larabci. Kuma ban taƙaita ba. Doguwar magana na yi mai ƙawa, da sauri, irin ta malaminmu ɗan Sudan, har ina jin daɗin yadda take fita. Baba ya yi murmushi ya ce, "Madalla. Kamar rediyo." Ran Talata aka zo aka kira ni daga aji. Ban tarar da shi ba.

To, ya ji ko bai ji ba? Inna ta ce ya ji mana, ai a fuskata ya gani. Malaman da na tambaya sun ce yafiya a zuciya take, ta wadatar. Na yarda da su, amma ba su ne suka durƙusa a ɗakin nan ba. Abin da ya fi damuna, ni ma na roƙe shi gafara a cikin Larabcin nan, kuma bai ce ya yafe mini ba. Mutumin da bai taɓa barin roƙo ba amsa! Ashe bai san an roƙe shi ba.

Yau yara na ɗora waya a baki, su yi Hausa ta fito da Larabci. Da Baba yana nan, na san zai juya wayar ya duba bayanta, ya ce wannan aron baki ne, a tafi a koya. Kuma da shi aka kai wa takardar Asma'u, kafin ta rufe baki ya sa hannu. Ba na ganin laifin kwas ɗin. Larabcin da nake koyarwa yau a can na samo shi, kuma duk ɗalibin da ya buɗe baki ya yi magana a ajina, burin Baba ne ke tafiya. Riƙon alkawari ma shi ya bar mini, ni ne ban san inda ake sassauta shi ba.

Jiya bayan la'asar na sa hannu. Kafin in miƙa wa Asma'u takardar na ce ta zauna, na ce in akwai abin da na taɓa yi mata ta yafe mini. Yarinya ta firgita, ta hau tambayata ko ba ni da lafiya, tana neman ta kira uwarta. Na ce lafiyata ƙalau, ta dai amsa mini, da Hausa, tun ba ta tafi ba.

"Na yafe, Abba. Ni ma ka yafe mini."

Na ce na yafe mata, da ƙarfi, yadda za ta ji.