Shuɗin allin da ya kusa hana ni aure

Ɗazu na tarar da 'yata Falmata tana kallon gasar ƙwararrun 'yan sinuka a waya, wasan nan na tura ƙwallaye da sanda a kan tebur. Na ce mata, wasan nan saura kaɗan ya hana a haife ki.

A shekarun tamanin, ina neman uwarta Yagana, na shirga wa kakanta Baba Modu ƙarya cewa makarantar yamma nake zuwa in ƙarasa karatu. Alhali teburin sinuka na unguwar Gomari ne ajina.

Ran nan na durƙusa gaishe shi, sai ya kama hannuna ya juya, ga allin sinuka a yatsuna.

"Bukar, wace makaranta ce ke rubutu da shuɗin alli?"

Na ce a raina, aure ya tafi.

"Baba, sabon tsarin gwamnati ne."

"Caca kuke yi a kan teburin?"

"Wallahi a'a, Baba."

"To ƙaryar za ka bari. Kuma a kan sanda ake goga alli, ba a yatsu ba."

Ashe tsohon gwanin sinuka ne, tun yana kai shanu Legas!

Makarantar dai har yau ban gama ba, amma an ba ni Yagana. Ku fa, wace ƙarya surukinku ya kama ku da ita?