Tarihin Dokta Muhammad Awwal Bichi da Haƙoran da Aka Ba Shi Amana

Dokta Sha'aban, wanda ke aiki a Birmingham yanzu, ya ci amanar ɗana. Ya kwashe haƙoran mutane da aka ba marigayin ajiya, ya ja bakinsa ya yi gum, ya bar matarsa da marayunsa suna shan zargi a Manchester. Ni Raki, uwar marigayin, ni na faɗi haka. Ban yi boko ba, balle a ce na iya lanƙwasa zance. Na sa a rubuta tarihinsa daga haihuwa har kabari yadda ya fito daga bakina, domin wanda bai san shi ba ya sani, wanda ya san shi kuma yake yi masa ƙazafi ya ji kunya.

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Muhammad Awwal a garin Bichi a shekarar 1983, cikin watan Rajab. Mahaifinsa shi ne Malam Ɗanjuma mai gyaran keke a bakin tasha, mahaifiyarsa kuwa Raki mai ƙuli-ƙuli. Shi ne ɗan fari, saboda haka tsawon rayuwarsa sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, haka ma na mahaifinsa. Yau larura ta sa na ambace su domin a rubuta, kuma alhakin wannan ma yana kan wanda ya tilasta ni.

A shekarar 1997 haƙorin turmin mahaifinsa na hagu ya yi kogo. Aka kai shi Kano aka cike masa, bai rufa wata shida ba cikon ya fita yana cin goro. Aka sake cikewa, ya sake fita, har sau uku, daga ƙarshe kumatu ya kumbura aka cire haƙorin gaba ɗaya. Malam ya karɓo abinsa, ya naɗe a ƙyalle, ya binne a bayan ɗaki kamar yadda aka saba, domin jikin ɗan Adam ba shara ba ne. Yaron yana tsaye yana kallo, kuma tun daga ranar ya ishi kowa da tambayar me ya sa ciko ba ya zama.

Karatunsa da aikinsa

Ya sauke Alƙur'ani a hannun limamin unguwarmu, ya yi firamare a Bichi, ya yi sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu, sannan a shekarar 2003 ya tafi Maiduguri karatun likitan haƙori. A can ya haɗu da Sha'aban, suka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya, har yakan biyo shi Bichi hutu yana ce mini Inna. Bayan kammalawa da hidimar ƙasa, marigayin ya kama aiki a wani asibitin gwamnati a Kano a shekarar 2011, inda ya ce rabin masu zuwa wurinsa ba sabon ciwo ke kawo su ba, tsohon ciko ne ya saki.

Aurensa da tafiyarsa Ingila

Ya auri Radiyya, 'yar Malam Isiyaku na Dawanau, a shekarar 2012, ana saura kaɗan mahaifinsa ya rasu. A shekarar 2015 ya sami tallafin gwamnati zuwa Manchester domin ƙarin ilimi, suka kama haya a saman wani tsohon gida a unguwar Whalley Range. Bayan shekara biyu Sha'aban ya iso, ba shi da wurin kwana, ya yi watanni a falonsu yana cin tuwon Radiyya kafin ya sami ɗaki a unguwar Ardwick, nan cikin Manchester. Marigayin ne ya yi masa hanya ya shiga ɗakin binciken da yake aiki, ya kuma ba shi makulli.

Binciken gam ɗin ciko

Ga aikin yadda ya bayyana mini shi, kuma na gane sarai. Farin cikon da ake yi yanzu ba ya kama haƙori da kansa, sai an shafa wani gam tsakaninsu. Kowane gam yana da ƙarfi a ranar farko, kuma da ƙarfin ranar farkon masu sayarwa suke kuri. Amma baki ba ya bushewa: ga yawu, ga shayi mai zafi, ga ruwan sanyi, a hankali laima take ratsa mahaɗin tana cin sa ta ciki, ciko yana nan a ido alhali ya saki. Shi so yake ya san wane gam ne zai kai shekara biyar. Sai ya cike haƙora da gam iri-iri, ya jiƙa kowanne a kwalbarsa cikin wani akwati mai ɗumi irin na ƙyanƙyasar kaji, duk shekara ya ciro wasu, ya yayyanka, ya sa inji ya ja har sai mahaɗin ya tsinke.

Wannan aiki sai da haƙoran mutane na gaskiya, kuma waɗanda ake ba shi a uni, wato jami'ar da yake aiki, ba su isa ba. A shekarar 2018 ya miƙe a taron 'yan gida, wato mutanen ƙasarmu, da ake yi a Ardwick, inda Musulmi da masu zuwa coci suke haɗuwa, ya roƙi duk wanda za a cire wa haƙori ya karɓo ya ba shi. Ba wanda ya amsa. Mutanenmu ba sa ba wani gashi ko farce ko haƙori, kowa ya san abin da ake tsoro. Maza suka mayar da abin wasa, suka laƙaba masa Sarkin Turame, wani ya tambaye shi ko miya zai yi da su.

A shekarar na zo wankan jegon Radiyya, turamena biyu suna girgiɗi, aka cire mini. Na kai su taron a ƙulle a bakin zanena, na miƙa masa a gaban mata. Mama Celestina, mutuniyar Kagoro mai aikin kula da tsofaffi, ta dube ni ta ce, “Hajiya, tunda ke uwarsa kin ba da naki, ni ma zan kawo nawa. Amma likita, ka dawo mini da kayana, ba zan tsaya gaban Ubangiji da giɓi ba.” Aka yi dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya dafa ƙirji ya yi alkawari a gaban jama'a cewa idan shekara biyar ta cika zai mayar wa kowa nasa, ko da gutsattsari ne, ya binne abinsa, kuma ya ce ya nemi izinin haka a uni an ba shi. Don ganin idona mutane suka yarda, suka yi ta kawowa, har daga Birmingham.

A shekara ta uku ya gano cewa wani gam da ya fi kowanne ƙarfi a farko ya lalace fiye da saura, ja kaɗan yake saki. Sha'aban ne mutum na farko da ya gaya wa. A cikin wannan shekarar kuma Sha'aban ya sami aiki a Birmingham, a wani ɗakin bincike da kamfanin da ke yin wannan gam ɗin yake ɗaukar nauyinsa, ya koma unguwar Aston ta can da zama. Ban ce na ga abin da aka ƙulla ba. Na ce dai abubuwan biyu a jere suka zo, kuma ni ba yarinya ba ce.

Rashin lafiyarsa, rasuwarsa da jana'izarsa

A ƙarshen shekarar 2021 ya fara rama, idanunsa suka yi ɗorawa. Likitan unguwa, wanda suke kira GP, ya tura shi asibiti, aka ce ciwon hanta ne ya yi nisa. Aka yi mini takardu na zo. Yana kwance ya sa aka kira Sha'aban, ina zaune, Radiyya tana tsaye, ya riƙe hannunsa ya ce, “Saura shekara ɗaya. Ka ƙarasa, ka faɗi abin da ka gani, ka mayar wa mutane kayansu.” Sha'aban ya ce, “Na ɗauka, Allah ne shaida.”

Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na shekarar 2022, yana da shekara talatin da tara. Aka yi masa sallah bayan Azahar, aka binne shi a sashen Musulmi na babbar maƙabartar kudancin Manchester. Sha'aban yana cikin waɗanda suka shiga kabarin, kuma ya fi kowa kuka.

Abin da ya biyo baya

Radiyya ba ta fita takaba ba aka kwashe kwalaben. Da ta je uni tambaya daga baya, aka ce mata abokin aikinsa ya mayar da su Birmingham bisa ƙa'ida, su ba ruwansu. Shekarar 2023 ta zo ta wuce. Da ta kira Sha'aban da farko ya ce ana nan ana aiki. Karo na biyu ya ce doka ta sa an ƙone su da sharar asibiti. Karo na uku ya ce suna nan a ruwa, ta ƙara haƙuri. Magana uku daga baki ɗaya. Daga nan ya daina ɗaga waya.

A shekarar 2024 ya fitar da rubutu da sunansa yana yabon wannan gam ɗin. Radiyya ta karanta ta fassara mini: gwajin shekarar farko kaɗai ya kawo, bai ambaci na shekara ta uku ba, sunan ɗana kuwa yana can ƙasa cikin waɗanda aka yi wa godiya. Yanzu haka likitoci suna shafa wa mutane abin a baki suna cewa an gwada.

Mutanenmu ba su karanta rubutun ba, su haƙoransu suka sani. Aka fara raɗa cewa marigayin sayar da su ya yi wa matsafa, shi ya sa bai yi nisan kwana ba. Matan da suka ci tuwon sunan 'ya'yansa suka daina amsa gaisuwar Radiyya. Mama Celestina ba ta zage mu ba, amma duk haɗuwa sai ta taɓa kumatunta ta dube ni, kuma tana da gaskiya, ni na ja ta. Wata rana Bilqis ta dawo daga Islamiyya ta tambayi uwarta da Turanci ko da gaske ne babanta mugu ne, don wata yarinya ta ce an hana ta zama kusa da ita.

Na sa Radiyya ta kai ni Aston a mota. Matarsa ta buɗe ƙofa rabi ta ce ya yi tafiya. Takalmansa suna bakin ƙofa, motarsa tana waje, kuma da muka juya na ga labulen sama ya motsa. Mutumin da ya kwana a falon ɗana bai ba ni ko ruwa ba.

'Ya'yan da ya bari

Ya rasu ya bar mata ɗaya, Radiyya, da 'ya'ya uku: Bilqis, wadda aka haifa a Kano a 2013, A'isha Humaira, wadda aka haifa a Manchester a 2018, da Ɗanjuma, mai sunan kakansa, da aka haifa a 2020. Allah ya jiƙansa, ya raya su.

Waɗannan yara ba za su girma ana nuna su da baki ba. Sha'aban, taron 'yan gida na bayan Babbar Sallah a Ardwick za a yi, inda aka yi alkawarin. Ka zo ka tsaya a gaban mutanen nan. In haƙoran suna nan, ka ajiye wa kowa nasa. In ka ƙone su, ka faɗa da bakinka cewa kai ka ƙone, ba ɗana ya sayar ba, ka kuma faɗi abin da aka gani a shekara ta uku da wanda ya ce ka ɓoye. Shugabannin taron da suka ji alkawarin da kunnensu suka yi shiru, ku ma ina jiran ku, ku aika masa. Ni zan zauna a layin gaba da jikokina, kuma ba zan tashi ba sai an ba su amsa.