Hannu a Baya

Ranar Asabar ce. Saje ya dawo daga sallar asuba, ya ɗaura farin takalminsa na kambas, zai fita zagayen da ya saba. Ya haura sittin, gwiwarsa ta hagu tana ƙara kamar tsohon ƙyaure, amma duk safiyar Allah sai ya zaga Barunde da ɗan gudunsa na tsofaffi. Na ce tunda ƙafar ba ta da aikin yi, ya biya ya sayo mana ƙosai. Ya ƙame, ya sara mini, ya fita.

Mijina ne. Sunansa Haruna, amma tun da ya bar soja da igiya uku kowa Saje yake ce masa, ni ma na bi sahu. Kafin a san shi da bindiga, da gudu aka san shi. Ya yi wa rundunarsu gudun miƙa sanda, irin wanda mutum huɗu suke yi, kowa ya ci rabonsa na fili ya miƙa wa na gaba. Shi ne na uku. Gudun nan ya hana ni sakat a gidan aure, don mutumin nan bai iya miƙa abu kamar sauran mutane ba. Makulli ne, cefane ne, ko jariri, sai ya zagayo ta bayana ya ce, "Hannu!" Ni kuma in miƙa hannu baya ba tare da na juya ba. In na waiga, ya ce an kore mu daga gasa, a sake. Wai aikin mai karɓa ya buɗe tafinsa ya yarda da na bayansa, shi ke nan. Da farko nakan ce ya rufa mini asiri a gaban baƙi. Daga baya hannun ya koya da kansa. Ko tuwo nake tuƙawa, da na ji takunsa sai in ga hannuna ya tafi baya.

'Ya ɗaya Allah ya bar mana, Rukayya, tana aure a Bauchi. Ta kawo mana 'yarta Walida yaye, Saje ya hana a mayar da ita har ta shekara uku. Tun da ya dawo daga aikin kwantar da tarzoma a ƙasar waje da gwiwar nan, bai sake kwana nesa da gida ba. Ko biki aka gayyace shi, a ranar zai dawo.

Ya kawo ƙosan da zafinsa. Walida ta ɗauki biyu ta fice gidan maƙwabta da ke bayan famfon unguwa, inda take wasa. Na zuba masa shayi. Rana ta fara hawa katanga.

Da hantsi muka ji ƙarar farko. Na ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe a titi. Saje ya ajiye kofi. Aka sake, sannan aka jero su babu tsayawa. Ya karkata kai yana saurare.

"Wannan bindigar ba tamu ba ce," ya ce.

Sai ƙarar babura. Sai kabbara daga bakuna da yawa, ba irin ta masallaci ba. Mata suka fara kiran sunayen 'ya'yansu ta kan katanga. Mun daɗe muna jin labarin maharan nan daga bakin 'yan Borno da suka yi hijira zuwa unguwarmu, mun kuma san soja suke fara nema, sabo ko tsoho. Saje ya shiga ɗaki, ya ciro tsohuwar hularsa ta aiki da ke rataye a ƙusa, ya jefa a rijiya. Ya jawo ni har ƙofar gida.

"Bi ta kwari. Gidan Yaya a Shamaki. Zan taho da Walida."

Na ce ba inda za ni babu yarinyar. Tunda muka yi aure bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar na ji muryar da ƙananan sojoji suka sani.

"Tafi!"

Na tafi. Shi ya yi wajen famfo, inda harbin yake fitowa.

Lungun ya cika. Wata mata tana gudu da tukunya a hannu, ba ta san tana riƙe da ita ba. Wani ya goya tsohuwarsa. Awaki suna shiga tsakanin ƙafafun mutane. Takalmina ɗaya ya fita, na watsar da ɗayan. Ni ba mai gudu ba ce, jiki gare ni, kuma duk shekarun da ya yi yana lallashina in riƙa raka shi zagaye dariya nake masa. Ƙirjina ya ɗauki wuta. Harbin ya matso, har ina jin harsashi yana tsaga kwanon rufi.

Dab da bakin kwarin, wato babban ramin da ruwan sama ya yi shekaru yana ci a gefen unguwa, na ji takunsa. A cikin ƙafa ɗari zan gane shi, ɗaya da nauyi, ɗaya a ɗage saboda gwiwar. Amma ban taɓa jin sa da sauri irin na ranar ba. Numfashinsa yana fito. Ya matso har ina jin hucinsa a wuyana.

"Hannu!"

Hannuna ya tafi baya. Tsintsiyar hannun Walida ta faɗo a tafina, da ɗumi, da danshi. Na damƙe. Na fizgo ta gaba, na saɓa ta a kafaɗa, na gangara kwarin. Ban waiga ba. Ban ma yi tunanin waiwaye ba.

Akwai ƙafafu da yawa a bayana, na ɗauka nasa suna ciki. Har magana na yi masa. Na ce, Saje, yau burinka ya cika, ka sa ni gudu. Da bai amsa ba na ce numfashi yake tattali.

Muna tsakiyar kwarin jirgin yaƙi ya keto sama. Wani ya yi ihu, "Ku kwanta!" Muka manne da gaɓa. Ƙasa ta girgiza, yashi ya zubo mana a kai. A nan na ga jini a rigar Walida, tun daga wuya har ƙasa. Na cire rigar. Na duba kanta, cikinta, bayanta, har tsakanin yatsu. Ko ƙwarzane babu.

"Ina Kaka?" na tambaye ta.

"Ya zauna," ta ce.

Sai a lokacin na juya. Fuskoki ne cike da kwarin, babu wadda na sani.

Na miƙe zan koma. Mutane suna ta kwararowa, babu hanyar keta su. Daga saman kwarin sojoji suna daka tsawa, "Ku wuce! Ku wuce gaba!" Yarinyar ta ƙanƙame wuyana. Shi ya ba ni ita. Na goya ta da mayafina na bi mutane.

Mun isa unguwar Shamaki inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Ba a kira azahar ba ranar, ko kuma ni ce ban ji ba. Yayana ya buɗe ƙofa, ya dubi bayana, ya matsa muka shiga. Kafin la'asar rediyo ya ce an sa dokar hana fita, ba dare ba rana. Na kira wayar Saje. Tana shiga, ba a ɗauka. Daga baya na tuna a kan tabarma ya bar ta, kusa da kofin shayi.

Gidan cike yake da dangi da waɗanda suka fake, amma ban taɓa zama ni kaɗai irin na kwanakin nan ba. A zaure na tare. Ana kawo abinci, ana ɗaukewa. Kunnena yana kan titi, ina jiran taku ɗaya mai nauyi, ɗaya a ɗage. Motocin soja kawai ke wucewa.

Ranar da aka sassauta dokar, Mista Okoro ya zo. Mai walda ne a Herwagana, tare suka yi soja, kuma shi ne na huɗu a gudunsu, wanda Saje yake miƙa wa sanda. Shi ya bi asibiti har ya gano gawarsa. Ya cire hula tun daga ƙofa. Ya ce a zaune aka same shi a bakin kwarin, ya jingina da katanga, ya miƙe ƙafafu kamar mai hutawa. A wajen famfo aka harbe shi, a haƙarƙari. Okoro ya je ya ga alamar jinin da idonsa, daga famfon har inda ya cim mini, ba ta karkace ko sau ɗaya ba.

Na ce, "Okoro, ban ga fuskarsa ba. Yana bayana, ban juya ba."

Ya daɗe yana murza hular. Ya ce, "Maman Rukayya, ni ma shekara nawa ina karɓa a hannunsa, ban taɓa gani ba. Muryar ce kawai."

A ranar aka yi masa sutura. Na yi kuka, na kuma ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Da bai koya mini da kyau haka ba, da na gan shi.

Na koma Barunde na yi takaba a ɗakina. Rukayya ta zo ta tafi da Walida, ta yi ta roƙo in bi su, na ƙi. Ba a ƙona gidanmu ba. Ko cokali ba a ɗauka ba. Awakinmu sun dawo da kansu, kofunan da ya ci a gudu suna nan a kan kabad, har hular ma mai gyaran rijiya ya ciro mini. Mutum ɗaya ne babu.

Yanzu tuwon mutum ɗaya nake tuƙawa, ba ya ɗaukar lokaci. Wani sa'in wani yakan wuce ta bayan katanga yana ɗan jan ƙafa. Kafin in ankara hannuna ya tafi baya, tafin a buɗe. Nakan bar shi a can har takun ya wuce.