Lofen Kakana da Harshen Aro

Kakana na wajen uwa shi ne alƙalin taba na Tarauni. Ba wanda ya naɗa shi, ba rawani ba dogari, amma in ya zuƙi lofe ya lumshe ido ya ce, "Wannan ta fadama ce, kuma an yi gaggawar cire ta," to magana ta ƙare. 'Yan shekaru ne kafin mulkin kai, lokacin da tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba ka ganin komai sai gonakin gero da turbar jakuna. Ni ina Gyaɗi-Gyaɗi da keken ɗinkina da matata da 'ya ɗaya, na soma ajiye gemu ina jin kaina magidanci. Shi kuwa kullum yana gindin tsamiyar ƙofar gidansa, inda dillalai ke kawo ganye ya ɗanɗana kafin su saya. Har daga Unguwa Uku da Daurawa ake zuwa. An ce ya taɓa zuƙar wata taba ya faɗi garin da aka noma ta, ya ƙara da cewa mai gonar gurgu ne. Da aka bincika sai aka tarar mutumin ɗingishi kawai yake yi. Kakana ya ce a jira.

Ƙarfi ya riga ya tafi, ya bar noma sai 'yar tabar da yake shukawa a bayan gida, ido ma ya soma hazo. Harshen nan kaɗai ya rage masa mai tara mutane.

Wata damina zazzaɓi da mura suka kwantar da shi mako biyu. Da ya miƙe sai ya aika in zo, ya ja ni bayan rumbu.

"Kai, ɓarawon mata," in ji shi. Haka yake kirana, saboda ni ma matata nake ce wa kakata. "Ka iya riƙe magana, ko bakinka irin na keken ɗinkinka ne?"

"Tsoho, in wasiyya ce, matar kawai nake so. Akuyar ka ba wani."

Bai yi dariya ba. Nan na san da magana.

"Bakina ya mutu," ya ce a hankali. "Tun da na tashi daga ciwon nan, taba da karan dawa duk ɗaya ne a wurina. In aka ji a gindin tsamiya, gobe ba mai shimfiɗa buzu a ƙofata sai kaji. Ko matar taka ba ta sani ba."

Dabarar da ya ƙulla kuwa a kan al'ada ta hau. A wancan zamani dattijo ba ya kunna wa kansa lofe a cikin taro. Na ƙasa da shi ne ke cusa taba, ya ɗora garwashi, ya ja sau biyu ko uku har ta kama, ya goge bakin lofen da gefen riga, sannan ya miƙa. Ba a kiran wannan shan taba a gaban manya, hidima ce. To, a cikin zuƙa ukun nan kakana yake so in gane tabar in yi masa ishara. Ni kuwa tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa lofe a baki ba.

Da tabar gida ya fara da ni, wai don kada in ɓata masa mai kyau. A madafar kakata ake rataye ta, daidai saman tukwanen daddawar da take sayarwa, don haka har kullum akwai wani ɗan wari-wari mai daɗi a ƙarƙashin hayaƙinta. Ba ya fitar da ita gindin tsamiya, ta cikin gida ce. Zuƙar farko na ga rumbu biyu, kakanni uku, dukkansu suna dariya. Na yi tarin da sai da zakarun Unguwar Gano suka amsa.

"Ba haɗiya ake yi ba, sakarai, fura ce? Riƙe shi a baki. Bar shi ya zaga kamar baƙo yana neman wurin zama. Yanzu sake shi ta hanci. Me ya bar maka?"

"Nadama."

"Ban da ita."

Kullum bayan azahar sai in rufe keke in bi turba. Yana da battoci, kowace ya san abin da ke ciki, ɗanɗanon kuwa daga ka yake karanto mini, kamar makaho yana ba da labarin garinsu. Ta tudu busasshiya ce, tana yaƙushin maƙogwaro kamar masoro. Ta fadama sanyi gare ta, da ƙanshin ƙasar da ta sha ruwan fari. Ta Katsina sai ta fara marinka da ɗaci, ka yi haƙuri kaɗan zaƙi ya biyo baya, tamkar ka ci goro ka kora da ruwa. Akwai baƙar nan ta kudu da ake murɗawa kamar igiya, wadda wani kafinta Bayarabe ke kawo masa in ya dawo daga ganin gida, ita ƙaurin banda take yi. Ta gwangwani ta kanti kuwa kakana ya ce wannan alewa ce aka cinna wa wuta, ba ta cancanci ishara ba, ko jaki ya san ta.

Wata rana ina cikin tari sai kawai na ji shi. Ɗacin ya janye, wani zaƙi siriri ya taso daga can gindin harshe. Na ce, "Tsoho, ga shi nan! Ya zo!" Sai ya kau da kai yana gyara garwashin da bai bukaci gyara ba. Ya ce, "Gaishe shi."

Muka tsara isharori: ta tudu tari ɗaya, ta fadama shafa gemu, ta Katsina gyara hula, ta kudu sosa kunne. Muka yi wata biyu muna yanke hukunci ba ɗaukaka ƙara. Sau ɗaya ne wani ƙuda ya shiga kunnena ina riƙe da tabar Katsina tsantsa, na sosa kunnen, kakana ya ce ta kudu ce. Dillalin ya rantse har da hawaye. Na cafke hula na murɗa ta har ta kusa rufe mini ido. Kakana ya sake zuƙa ya ce, "Ta Katsina ce, amma ta kwana buhu ɗaya da ta kudu." Sai dillalin ya ce lalle a cikin jirgi an haɗa kayansa da na wasu.

Akwai wani tsoho Bazazzagi, abokin wasan kakana, shekara arba'in kowannensu na kiran ɗan'uwansa bawansa. Wata ranar Alhamis, gindin tsamiya cike, ya iso da lofe a hannu. Ya tsaya yana 'yan dube-dube, ya ƙi buzun da aka nuna masa, ya zagaya ya zauna ta gabas. Na miƙa hannu in karɓi lofen, ya buge shi.

"Koma ga allurarka, tela. Yau ubangida ne zai kunna wa bawansa da hannunsa. Bakano, ga taba. In ka faɗi gonarta na 'yanta ka."

Ya ɗora garwashi, ya ja, ya miƙa. Kakana ya karɓa ya zuƙa ya lumshe ido. Shiru. Ya sake zuƙa. Mutum kusan ashirin sun zuba masa ido. Na ji kamar in haɗiye hulata.

Sai iska ta kwaso hayaƙin ta watsa mini a fuska. Na shaƙa. Yaƙushin tudu, i, amma a ƙarƙashinsa ga wani abu da na sani kamar tafin hannuna. Daddawa! Tabar bayan gidansa ce aka kawo masa. Ita kuwa ba mu yi mata ishara ba, don wa zai kawo wa mutum tabarsa? In na yi tari ya ce ta tudun wani gari ce, an gama da shi: alƙalin da bai gane ɗan cikinsa ba.

Abu ɗaya ya rage mini, bakin jika, wanda ba a yi masa linzami. Na juya wajen zaure na ɗaga murya: "Matata! Ashe har kin soma yi wa Zage-zagi kyautar tabar mijinki? Ga warin daddawarki nan ya cika unguwa!"

Wuri ya ɗauki dariya. Kakana ya buɗe ido a hankali, kamar wanda aka tasa daga tunani mai nisa.

"Ka ji ko, bawa? Ni shirun da na yi, lissafi nake ta wace katanga ka haura. Tela ma da ba ya samun komai sai zuƙa biyu ya gane ta daga hayaƙi, ita ce za ka kawo mini? Kun raina ni da ƙananan shari'u. Daga yau mai taba ya fara ba tela. Abin da ya gagare shi a kawo mini."

Bazazzagin ya ce wannan bawa ba ya 'yantuwa, ya karɓi lofensa yana murmushi.

Da aka watse na shiga wajen kakata in ji yadda aka yi. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wata uku ina ba shi miya ba daddawa, bai ce uffan ba. Mutumin da shekara hamsin ba a taɓa yin miyar da ta yi masa daidai ba! Ni na ba Bazazzagin tabar. Na ce ya sauko mini da shi daga dokin nan a hankali, kafin wani baƙo marar kunya ya kayar da shi."

"To da ban ji warin ba fa?"

"Ba ka ga inda ya zauna ba? Ni na ce masa ya duba iska. Kai dai miji ne na banza, sai an tura maka abu har hanci."

Tun daga ranar ba tabar da ta taɓa gagarata, don ban isa in ce ta gagare ni ba. Buzaye kuwa ba su ragu ba a gindin tsamiya har ƙarshen ransa. In na zuƙa na faɗi hukunci, sai in goge bakin lofen in miƙa masa. Ya ja, ya lumshe ido, jama'a su yi tsit.

"Tela ya yi daidai," sai ya ce. "Abin da bai ji ba, mai gonar kurma ne."