Shekarar da Wutar Kakata Ta Riƙa Mutuwa

Har yau, in na wuce wurin mai shayi da sassafe yana tone toka don ya fito da garwashin jiya, ƙamshin tokar nan mai ɗumi yakan tsayar da ni. Nan take sai in ji guntun kasko a tafin hannuna, da sanyin rairayi a ƙafafuna, a ƙauyenmu na wajen Gangara.

Ni yaro ne mai kunya ƙwarai. In baƙo ya yi sallama, ni ne farkon shigewa bayan rumbu da littafina. A lakwal, wato makarantar boko, mushe malaminmu yakan ɗaga takardata ya nuna wa aji saboda tsabtar rubutu, amma in ya ce in tashi in karanta ta, sai in ɓoye fuskata a bayanta. Shekarar da zan yi jarrabawar shiga kolej, babana ya faɗi hukuncinsa yana wanke hannu bayan tuwo, ko kallona bai yi ba.

"Kolej a Tanut take, kuma a gidan mutane zai zauna. Yaron da bai iya gaida mutum ba, ba zan kai shi gidan wani ya ja mini abin faɗi ba. Ko ya ci jarrabawar, gona tana nan."

Ba da daɗewa ba aka shiga sabuwar shekara, ranar cika-ciki ta zo. Wannan karon cikin sanyi ta faɗo. Kakata ta sauko da wutsiyar ragon layya da ta adana tun babbar salla, ta dafa, gida ya ɗauki ƙamshi. Ka san abin da ake gaya wa yara, wai wanda bai ƙoshi a ranar ba da yunwa zai ƙare shekara. Ni kuwa, da yake komai sai na bi shi daki-daki, sai na yi lissafi: in cin rana ɗaya yana riƙe shekara, to gaisuwar rana ɗaya ma za ta riƙe. Na ƙudura zan gaida garin nan kaf kafin magariba, in huta.

Tun safe nake jera kalmomin a raina, amma ban sami ƙarfin fita ba sai bayan la'asar. Na tarar da dattawa a gindin aduwa kusa da masallaci. Na durƙusa, na buɗe baki, sai gaisuwar da na wuni ina maimaitawa ta fito yadda na shirya ta tun safe: "Ina kwananku?"

Wani tsoho ya dubi rana, ya dube ni. "Mun kwana, mun tashi, mun wuni, ɗan lakwal. Kai ne dai yanzu gari ya waye maka."

Dariyarsu ta raka ni har bayan rumbu. A can kakata ta same ni. Ba ta lallashe ni ba, don tsakanin kaka da jika sai tsiya. Ta ce, "Kai miji, ko tuwon da ka cika ciki da shi yau, gobe da safe sai ka nemi wani." Ta wuce abinta.

Washegari da asuba ta tashe ni, wai wutarta ta mutu. Ta miƙo mini guntun kasko ta ce in ɗebo mata a gidan ƙawarta da muke haɗa zana da ita. Na ce ai akwai ashana a ɗakin babana. Ta ce kunun wutar ashana ba ya yi mata daɗi, kuma ita ba ta auri miji don ya riƙa ja mata magana ba.

In ba ka taɓa ɗebo wuta ba, bari in gaya maka yadda abin yake. Ba a shiga gidan mutane a tsinci garwashi a fita kamar kaza. Sai ka yi sallama, ka jira a amsa. Sai ka tambayi kwana, da gajiya, da sanyi, da yara. Sannan ka faɗi abin da ya kawo ka. Ranar farko sallamata ko ni ban ji ta ba. Tsohuwar ta bar ni tsaye, tana ta dama kununta, har sai da na ɗaga murya.

Kashegari ma wutar ta mutu. Haka ta riƙa mutuwa kullum. Sanyi ya wuce, zafin bazara ya shigo, ruwan rijiya ya yi nisa, ni dai ina kan hanya da kaskona kowace safiya. Da bakina ya saba da gidan ƙawarta, sai kakata ta ce wutar can hayaƙi gare ta, in je gidan liman. Daga nan ta tura ni wurin Buzayen da suke sauka bayan gari da raƙumansu, inda matar gidan ba ta ba ni wuta sai na amsa gaisuwa da harshensu, tana dariyar yadda nake karya shi. A ƙarshe ta ce wutar maƙera ta fi kowace daɗewa. Nan ne na fi tsoro, don maƙera wurin zaman maza ne, kuma maƙerin bakinsa ya fi wutarsa zafi.

Wata safiya gab da damina, lokacin da kowa yake kai hauyarsa gyara, na shiga na gaida su ɗaya bayan ɗaya, ban ma lura da wanda ke zaune bayan mai zuga ba. Maƙerin ya ce, "Ɗan lakwal, yau ma wutar matarka ta mutu? Sake ta mana, ka auri mai wuta."

Ban san lokacin da amsa ta fito ba. "In na sake ta, Baba, wa zai kwashe ta da haƙori biyu?"

Maƙera ta kaure da dariya. A cikinta na ji wata da na sani. Babana ne, hauyarsa a kan cinya, yana share ido da hannun riga. Da sakamako ya fito na ci jarrabawar, shi da kansa ya hau motar kasuwa ya je Tanut ya nemo mini masauki.

Da na dawo hutun farko, na tashi da asuba na ɗauki kaskona kamar yadda na saba. Sai na tarar da kakata tana tone toka, garwashi ja wur a ƙasa, ga 'yar maƙwabta tsaye da nata kaskon tana jira. A lokacin ne na tuna abin da na sani tun ina ƙarami: duk unguwar nan a gidanmu ake ɗiban wuta, don ba wanda ya kai kakata iya binne garwashi. Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Me kake kallo, miji? Wutar ce ta warke."

Ta rasu ina shekarar ƙarshe a kolej. Yanzu a Zinder nake zaune, da gas muke girki, maƙwabcina ma sai mu yi mako ba mu haɗu ba. In sabuwar shekara ta zo nakan ji abokan aiki suna lissafa abubuwan da za su canza gaba ɗaya, da irin zafin da na fita da shi ranar cika-ciki. Ba na musa musu. Ni dai abin da na gani shi ne, niyyata ta rana ɗaya bayan rumbu ta kai ni, kasko kuwa ya kai ni Tanut.

'Yata ta fari ta gado ni. In an yi sallama, ɗaki take shigewa da littafi. Tun ranar cika-cikin bana, ashanar gidanmu ta fara ɓata kowace safiya, sai an aike ta gidan maƙwabta ta aro. Mahaifiyarta ta dube ni, ta dubi aljihuna. Jiya ina ɗaki na jiyo sallamar yarinyar a gidan maƙwabta, muryarta ta tsallako katanga.